Masanan lafiyar mutanen Fasifik a Niyu Zilan: aiki suke ko ado ne?

Bakatsine: Jama'a ga wata magana. A Disamban 2023 wani babban likita, Sir Collin Tukuitonga, ɗan asalin tsibirin Niue, ya ajiye muƙamansa na ba gwamnatin Niyu Zilan shawara, har da shugabancin majalisar masanan da ke ba hukumar lafiya shawara kan mutanen Fasifik, wato 'yan asalin Samoa da Tonga da Fiji da sauran tsibiran can da ke zaune a ƙasar. Yace shi bai da amanna da sabuwar gwamnatin Christopher Luxon. Ni dai a ganina duk irin kwamitocin nan ado ne, a tara farfesoshi a sha shayi a rubuta rahoto, ɗan siyasa ya tashi yayi abinda dama can ya niyya.

Maman Biyu: To me suka yi masa da zafi haka?

Bakatsine: Dokar taba ce Hajiya. A 2022 aka yi doka cewa duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 2009 ba za a taɓa sayar masa da sigari ba har ya mutu, za a rage shagunan da ke sayarwa daga wajen 6,000 zuwa 600, a kuma rage sinadarin nikotin ɗin ciki. Likitoci sunyi ta murna tunda Maori, wato 'yan asalin ƙasar, da 'yan Fasifik taba ta fi yi wa illa. Sabuwar gwamnati na hawa tace zata soke, a Fabrairun 2024 kuwa ta soke, ministar kuɗinsu ma bata ɓoye ba cewa harajin tabar zai taimaka musu wajen rage wa mutane haraji.

Ɗan Damagaram: To Malam ai sunansa shawara, ba umarni ba. Waye ya zaɓi likitan? Luxon da abokan haɗakarsa kuri'a aka jefa musu. In har duk abinda masani ya faɗa dole ayi to a daina zaɓe mana a miƙa wa jami'a mulki. Kuma ni laifinsa nake gani da ya fita, ka bar kujera ka bar mutanenka, wa ka yi wa?

Anti Nas: Ɗan Damagaram rabin maganarka gaskiya ce, amma shi Bakatsine da yace ado ne sam ban yarda ba, wlh da ado ne da korona ta yi wa 'yan Fasifik ɓarnar da ta fi haka. Agustan 2021 da nau'in Delta ya ɓulla a Auckland, inda cutar ta fi kamari wani cocin 'yan Samoa ne a unguwar Mangere, kuma dalilin a fili yake, gida ɗaya kaka da iyaye da jikoki, ga aikin masana'anta da ba'a yinsa daga ɗaki, ga taron coci. A lokacin an bar su a baya wajen rigakafi. Likitocinsu da nas-nas ɗinsu ne suka matsa cewa a daina jiran mutum yayi rajista ta intanet da Turanci, a kai allura harabar coci, a kira fasto, ayi sanarwa da harshen Samoa da na Tonga, kowace ƙabila a ware mata ranarta da kiɗa da abinci mutum na cikin motarsa ayi masa. Haka aka yi har suka haura kashi 90 cikin 100. Wanda ke zaune a ofis a Wellington, babban birnin ƙasar, bazai san wannan ba sai an faɗa masa.

Bakatsine: Anti ai wannan tsoro ne yasa suka saurara, cuta mai yaɗuwa bata tambayar unguwa. Ina ciwon suga? Ina zazzaɓin nan da ke farawa da ciwon maƙogwaro ya koma ya lalata zuciyar yaro, wanda yaran Fasifik suka fi kowa fama dashi saboda gidaje masu sanyi da cunkoso? Shekara nawa masana na faɗa. Har yau ɗan Fasifik yana riga Bature mutuwa da shekara biyar ko fiye.

Maman Biyu: Subhanallah, a ƙasar da muke gani kamar aljannar duniya

Malamin Kimiyya: Ku duba Samoa 2019. A 2018 jarirai biyu suka rasu bayan nas biyu sun haɗa allurar ƙyanda da wani maganin da ya lalace maimakon ruwa, gwamnati ta dakatar da rigakafin tsawon watanni, iyaye suka tsorata, adadin yaran da aka yi wa ya faɗi zuwa kusan kashi ɗaya bisa uku. Ƙyanda ta shigo, mutum 83 suka mutu, yawancinsu 'yan ƙasa da shekara biyar, a ƙasar da duka mutanenta wajen 200,000 ne. Sai da aka rufe ƙasar kwana biyu a Disamba, duk gidan da ke da wanda ba'a yi wa ba ya ɗaura jan ƙyalle a ƙofa ma'aikata na bi gida gida. Mu da muka ga yadda aka ƙaurace wa allurar shan inna a Kano a 2003 mun san in yarda ta tafi dawo da ita sai an sha wuya.

Ɗan Damagaram: Malam ka kauce fa, Samoa ƙasa ce mai cin gashin kanta tun 1962, mu maganar Niyu Zilan muke.

Malamin Kimiyya: Ban kauce ba ƙanena, a shekarar ita kanta Niyu Zilan sama da mutum 2,000 suka kamu, galibi a Auckland, kuma kullum jirgi na kai da kawo tsakaninsu da Apia, babban birnin Samoa, dangi ɗaya ne. Tun 1918 ma jirgin ruwan Talune daga Auckland ya kai musu mura, hukumar Niyu Zilan da ke mulkinsu ta barshi ya sauke mutane, kusan kashi ɗaya bisa biyar na Samoa suka mutu. Maƙwabciyarta da ke hannun Amurka ta rufe tasharta, ko mutum ɗaya bata rasa ba.

Anti Nas: Ni inda nake ganin bambancin shine ko shawarar tana da doka da kuɗi a bayanta. Dokar Pae Ora ta 2022 ta wajabta wa ministan lafiya ya fitar da tsarin lafiya na mutanen Fasifik, shi yasa aka samu tsarin da ake kira Te Mana Ola a Yulin 2023, ba alfarma aka yi musu ba. 'Yan Fasifik mutum 442,000 da ɗoriya ne a ƙidayar 2023, kusan kashi 9 cikin 100 na mutanen Niyu Zilan, ba'a yi musu tsari da ka.

Bakatsine: Doka? Ita hukumar lafiyar Maori ba dokar ce ta kafa ta ba, a 2024 ba rusa ta suka yi ba? Majalisar da ta rubuta ita ke gogewa.

Ɗan Damagaram: Yauwa, shi yasa nace da likitan ya zauna ciki yana damunsu kullum.

Maman Biyu: Da ya zauna da ni da kai bamu ji labarin ba ai. Kuma in ka zauna aka soke dokar kana kan kujera, gobe cewa za'ayi da masana aka yi shawara.

Anti Nas: Bakatsine baka bani amsa kan allurar coci ba fa, ina jira.