"Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma": har a wurin ciniki?

Ɗan Tireda: Jama'a ku raba mu. Jiya muka yi cacar baki da abokin kasuwancina. Yana so mu zuba kuɗi a kwalliyar wuri da fitilu da kujerun zama, ni kuwa na ce a fara gyara yadda yaranmu ke tarbar mai saye. Da na ce masa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, sai ya ce wannan maganar baƙo ce, ba ta mai ciniki ba. Wa ke da gaskiya?

Baban Yara: Kai ne. A huɗubar makon jiya ma liman ya kawo hadisin da Annabi (SAW) ya roƙa wa mai sauƙin hali rahama, idan ya sayar, idan ya saya, idan ya nemi a biya shi bashi.

Tela Mai Almakashi: Baba, sauƙin hali daban, washe baki daban. Mutum ya yi maka fara'a har kunne ya kuma ɗinka maka rigar da ba ka ce ba, za ka koma?

Jikar Dillaliya: Ku bari in ba ku labarin kakata, Allah ya jiƙanta. Yadi take sayarwa gida-gida, kuma wallahi ba ta da fara'a, mu jikokinta ma tsoronta muke ji. Amma in ta shiga gida ba ta kwance ƙunshinta sai ta zauna, ta dubi abin da matar ke ɗaure da shi, ta dubi shanyar da ke kan igiya, ta tambayi me za a yi da yadin. Na fita ne ko na zaman gida? Wa zai wanke? Wata rana wata mata ta nace sai mai tsadar cikin kayan. Kaka ta ce mata, "'Yar nan, wannan zuba yake yi, ke kuma mai goyo ce, kullum cikin wanki. Ɗauki wancan." Ta sayar mata da mai araha, ribar ta ragu. Sauran dillalai suka yi ta yi mata dariya, wai an kawo mata kuɗi har hannu ta mayar. Matar nan ba ta sake saye a hannun kowa ba, 'ya'yanta mata ma da suka girma wurin Kaka suke aikowa. Kuma ta riƙe launin da kowace mace ta tsana a ka, ba rubutu ba komai.

Baban Yara: Allah ya jiƙanta. To ai wannan ita ce shimfiɗar fuskar, 'yata. Ta ba mutane hankalinta.

Jikar Dillaliya: A'a Baba, kunne ta shimfiɗa musu. Fuskar tana nan a murtuke.

Malamin Lissafi: Manyan kamfanoni ma sun sha wannan. Ford ya daɗe yana fitar da motarsa Model T baƙa kawai, General Motors ya zo da launuka da samfura iri-iri, masu saye suka juya, aka daina ƙera ta a 1927. Nokia fa? Kowa na yabon ƙarkon wayarta, amma da iPhone ta fito a 2007 abin da mutane ke so ya canza, a 2014 Microsoft ya saye sashen wayoyin. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Na Bayan Layi: Ku tambayi masu neman ƙuri'a, su ne gwanayen karin maganar nan. Kafin zaɓe ga fuska ga tabarma. Bayan rantsuwa a naɗe tabarmar, fuskar kuma sai a allon talla.

Tela Mai Almakashi: Hahaha! Kuma su kayansu in ka saya ba a mayarwa sai wa'adi ya cika.

Ɗan Tireda: Don Allah ku dawo kan magana. In sayi kujerun ko kar in saya?

Na Bayan Layi: Saya mana, amma ka lura, wanda ya hau kujera ba ya son sauka.

Malamin Lissafi: Ka tambayi masu sayen naka tukuna, wataƙila saurin sallama suke so, ba zama ba.

Baban Yara: Ni dai har yanzu ina kan fara'a. 'Yata, wace irin zuba yadin nan yake yi, ja ne ko shuɗi? Matata ma ta taɓa sayen irinsa.