Neman shawara: wane launin yashi ne ke fito da kalar kifin siklid?

Mai tambaya, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tankin gilashi mai tsawon santimita 120, faɗi 45, zurfi 45. Kifayen da ke ciki siklid ne na Tafkin Malawi: masu ruwan ɗorawa da 'yan kasuwa ke kira yalo lab guda 6, da shuɗɗan fikok guda 4. Farar tsakuwa na shimfiɗa musu, fitila kuma fara ce mai ƙarfi. Tun da na zuba su fikok ɗin suka koɗe, shuɗin ya zama kamar ruwan toka, alhali suna cin abinci lafiya. Shin baƙin yashi zan sa, ko akwai abin da ya fi shi? Kuma kilo nawa zai ishe ni?

Amsa daga Argungu:
Wa alaikumus salam. Malam, farar tsakuwar nan tana da hannu a ciki. Siklid dangin karfasa ne, kuma duk wanda ya lura da karfasa ya san tana yin duhu ko haske gwargwadon inda take zaune. A fatar kifin akwai ƙwayoyi masu ɗauke da baƙin launi. Idan idonsa ya ga ƙasa fara, sai baƙin ya dunƙule wuri guda, jikin ya yi fari-fari don kada a hango shi daga sama. Idan ƙasar mai duhu ce sai baƙin ya bazu. To shi shuɗin fikok ƙyalli ne, haske yake mayarwa, kuma ba ya fitowa da kyau sai akwai duhu a ƙarƙashinsa. Ga fitila ta sama, ga farin ƙasa yana dawo da hasken, kifin ya rasa inuwa ta ko'ina. A ganina ka koma baƙin yashi.

Amsa daga Yauri:
Bayanin ɗan'uwa na Argungu daidai ne, amma ban goyi bayan baƙin yashi a wannan tankin ba, saboda kifi iri biyu ne a ciki. Duhun da zai taimaki fikok shi ne zai ɓata yalo lab: ruwan ɗorawar yakan dushe, baƙi-baƙi ya fito masa a fuska da gefen jiki. Baƙin yashi ya fi karɓar jan kifi, irin Hemichromis da ake samu a Kogin Neja, ko tankin da shuɗɗa ne zalla a ciki.

Abin da zai yi maka shi ne yashi mai ruwan ƙasa, wanda bai yi fari tas ba bai kuma yi duhu ba, wato kalar yashin gulbi. Sai ka nemo duhun ta wani wajen: ka shafa baƙin fenti a gilashin baya, ta waje ba ta ciki ba, ko ka manna baƙar leda. Ka jera duwatsu masu duhu su yi koguna. Da haka fikok zai samu inda shuɗinsa zai fito, yalo lab kuma ba zai yi dauɗa ba.

Kada ka sayi tsakuwar nan da aka rina ja ko kore ko shuɗi. Rinin yana ɓarewa, kuma kalarta tana danne ta kifin.

Maganar tsakuwa ma, fikok a yashi yake kiwo. Yakan tsaya shiru a saman yashi yana jin motsin ƙananan ƙwari, sai ya caka baki ya ɗebo, ya tace, ya fitar da yashin ta kunne. Tsakuwa mai kaifi tana ji masa ciwo a baki, kuma abinci yana maƙalewa a tsakaninta ya ruɓe. Ka nemi yashi mai ƙwaya rabin milimita zuwa milimita 1. Rairayi mai laushi kamar gari yana tashi cikin ruwa ya shige filta ya cinye farfelarta.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Ke nan zan iya ɗebo na gulbi? Ba sai na yi odar na kanti daga Legas ba?

Amsa daga Gusau:
Za ka iya, Malam, amma da sharaɗi. Kada ka ɗebo kusa da fadamar shinkafa, saboda maganin ƙwari da na ciyawa da ake fesawa. Mu nan Zamfara akwai ƙarin hattara: a guji yashin wuraren da ake haƙo ko wanke zinare, domin gubar dalmar da ta kashe yara a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010 daga ƙasar ma'adinan nan ta fito. Abin da ya cutar da mutum ba zai bar kifi ba.

Lissafin kilo: tsawo sau faɗi sau kaurin shimfiɗa, duk a santimita, a raba da 1,000, a samu lita. Naka 120 sau 45 sau 3, lita 16 da ɗan ɗori ke nan. Kowace lita ta yashi wajen kilo ɗaya da rabi ce, don haka kilo 24 zuwa 25 ya isa. Kada kaurin ya wuce santimita 4 ko 5. Idan ya yi kauri iska ba ta ratsa ƙasansa, sai ya yi baƙi ya riƙa warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma iskar da ke fitowa guba ce.

Ka tankaɗe shi da rariya, ka riƙa wanke kaɗan-kaɗan a bokiti har ruwan ya fito garau, ba sabulu ko kaɗan, sannan ka kwara masa tafasasshen ruwa ka shanya. Ka ratsa maganaɗisu a ciki. Idan ya kwaso baƙin gari da yawa, canza wurin ɗiba. Ka ɗiga ruwan kal a kan ɗan kaɗan: in ya yi kumfa akwai farar ƙasa a ciki. Ga kifin Malawi wannan ba laifi ba ne, tunda ruwan tafkinsu pH ɗinsa, wato ma'aunin tsami ko rashin tsamin ruwa, wajen 7.8 zuwa 8.6 ne. In ruwanka bai kai haka ba, ka ƙulle dakakken bawon kawa a raga ka tura cikin filta, ya yi aikinsa ba tare da ya mayar maka da ƙasan tanki fari ba.

Amsa daga Jega:
Kafin a ɗora wa tsakuwa laifin duka, ka duba fikok ɗinka da kyau. Macen fikok ba ta da shuɗi, ruwan ƙasa ce ko ruwan toka har ta tsufa, ko wane yashi aka sa mata. A cikin maza ma, wanda ya fi ƙarfi shi ke cika kala, sauran su rage tasu don gudun faɗa. Akwai kuma kifin da ake ciyarwa da abinci mai sinadarin ƙara kala kafin a kai kasuwa. Bayan 'yan makonni sai ya koɗe, wannan yashi ba ya dawo da shi. Abinci mai sifirulina, wani nau'in gansakuka, yana taimakawa, haka canza kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na ruwa duk mako. Zafin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 28, abin da ke wuya a Birnin Kebbi a watan Afrilu, don haka ka nisanta tankin da taga. Fitilar ma ka rage mata ƙarfi, awa 8 a rana ya wadatar.

Amsa daga Yauri:
Ranar canji, ka kwashe kifin a baho da ruwan tankin, ka kashe filta amma ka bar sosonta a jiƙe, kuma kada ka wanke shi a makon, domin ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke tsabtace ruwa da yawansu za su tafi tare da tsohuwar tsakuwa. Duwatsu ka fara dasawa a kan gilashin ƙasa, sannan yashi ya biyo baya. Siklid mahaƙi ne, in dutse yana bisa yashi zai haƙe ƙarƙashinsa ya rufto ya fasa gilashi. Bakin bututun filta ya yi sama da yashi da kamar santimita 10. Ka rage abinci kwana 3 ko 4, ka ba su mako 2 zuwa 3 kafin ka yanke hukunci a kan kalar.