Neman shawara: hancin maigida ya ƙi buɗewa, wane maganin mura ya dace?

Uwargida, Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu ilimin magunguna a taimaka min. Tunda hazon bana ya sauko maigida ke fama da toshewar hanci. Ya sayo wani maganin ɗigawa a hanci, da farko kamar yankan wuƙa, yana ɗigawa hancin zai buɗe. Yanzu an doshi wata guda, ba ya iya barci sai da kwalbar a kusa, kuma toshewar ƙaruwa take yi. Yana son komawa kan ƙwayoyin mura, to amma yana da hawan jini. Ni ma ina shayarwa, ga mura ta kama ni da jaririyata 'yar wata 5. Mene ne bambancin na ɗigawa da na sha, kuma wanne ya dace da wa?

Ɗan Kwangila: Wa alaikumus salam. Hajiya, a haɗa masa Piriton da Ampiclox, kwana biyu zai warware. Mu haka muke yi.

Mai harhaɗa magunguna, Samaru: Malam na Kwangila, a yi haƙuri, wannan haɗin ba zai yi ba. Ampiclox bakteriya yake kashewa, mura kuwa bairos ne ke kawo ta. Piriton kuma na atishawa ne da ƙaiƙayi da yoyon majina, ba ya taɓuka abin kirki a kan toshewa, ga sa barci. Direbobi da 'yan acaba su kiyaye shi da rana.

Hajiya, ba majina kaɗai ke toshe hanci ba. Jijiyoyin jinin da ke cikin hancin ne suke kumbura, su cushe hanyar iska. Aikin magungunan buɗe hanci shi ne tsuke waɗannan jijiyoyin. Duba kwalbar maigida, ina kyautata zaton za ki ga an rubuta xylometazoline ko oxymetazoline. Su ne suka fi sauri, cikin 'yan mintuna hanci zai buɗe, ya kai awa 8 zuwa 12 a haka. Sai dai na ɗan lokaci ne, kwana 3 zuwa 5, kada dai a haura mako. In an zarce sai hancin ya saba, da zarar ƙarfin maganin ya sake kumburin zai dawo fiye da na farko, mutum ya ƙara ɗigawa. Bisa bayaninki, murar ta daɗe da tafiya, yanzu yawan ɗigawar ne ke riƙe da hancin.

Mafita ita ce ya daina. In ba zai iya lokaci guda ba, ya fara da kafar hanci ɗaya, in ta daidaita ya bar ɗayar. Zai sha wuya na mako ɗaya ko biyu, gara ya sani tun yanzu. Ya riƙa amfani da ruwan gishirin hanci na kemis, likita kuma kan rubuta na fesawa irin su fluticasone, wanda ba ya sa hanci ya saba, sai dai yana ɗaukar kwanaki kafin a ga aikinsa.

Ƙwayoyin sha kuwa, kada ya taɓa sai likitansa ya yarda. Da yawansu na ɗauke da pseudoephedrine, wanda ke aiki sosai amma bai tsaya a hanci ba, jijiyoyin duk jiki yake tsukewa. Yana ɗaga jini, yana sa bugun zuciya da rashin barci, dattijo mai wahalar fitsari kuma yana iya ƙara masa. Wasu kuma phenylephrine ne a ciki. Shi wannan a 2023 kwamitin masana na hukumar magunguna ta Amurka ya ce ƙwayarsa ta sha ba ta buɗe hanci, don haka ni ba na ganin amfanin kashe kuɗi a kanta. Wani abin da ake mantawa: yawancin ƙwayoyin mura na haɗi akwai farasitamol a cikinsu, kada a ɗora Panadol a kai, hanta ce ke wahala.

Hajiya Babba, Ƙofar Doka: 'Yata, mu dai sirace muka sani da shayin citta da kanumfari. A shafa wa yarinyar man zafi a hanci ta samu barci.

Ma'aikaciyar jinya, Gyallesu: Mama, Allah Ya ƙara girma. Sirace da citta ga babba ba laifi, suna sa a ji sauƙi. Amma man zafi a hancin jaririya a'a, kafur da sinadarin na'a-na'a da ke ciki na iya taɓa numfashinta, kuma kada a kusantar da ita ga tafasasshen ruwa. 'Yar'uwa, ki ɗiga mata ruwan gishirin hanci na jarirai kafin ki ba ta mama, ki share majinar a hankali, ki yawaita shayarwa. Maganin mura na sha ba na jarirai ba ne, a Ingila ma sai yaro ya kai shekara 6 ake ba shi irinsu. Ke kanki ki guji pseudoephedrine, yana rage ruwan nono. In kika ga tana numfashi da sauri, haƙarƙarinta na lotsawa, ko zazzaɓi, ko ta ƙi kama mama, asibiti kai tsaye, ko da dare ne.

Uwargida, Tudun Wada: Allah Ya saka da alheri. Na duba, xylometazoline ɗin ne kuwa. To in ya daina kuma hancin bai saki ba fa?

Mai harhaɗa magunguna, Samaru: In mako biyu suka wuce ba canji, ko kafa ɗaya ce kullum a toshe, ko yana haɓo, ko ciwon fuska da zazzaɓi, ya je sashen kunne da hanci da maƙogwaro a asibitin koyarwa na Shika, Zariya. Ya tafi da kwalbar da kuma maganin hawan jininsa. Kafin nan a auna jininsa cikin makon nan, ya sa takunkumi in zai fita cikin ƙura.