Inna ta ƙi yarda a yi mata aikin yanar ido, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifiyata tana ƙauye, tafiyar kusan awa uku zuwa Kano. Shekara biyu ke nan yana ta rufe mata idon dama, yanzu na hagun ma ya fara hazo. Matar da take tsince shinkafa da hasken fitila, yau sai jikarta ta ja ta zuwa bayan gida, har yarinyar ta daina zuwa makaranta. Na kai ta an duba, likita ya ce aiki za a yi. Ita kuwa ta ce tsufa ne, kuma babu mai sa mata wuƙa a ido. Yayana ya ce ba mu da kuɗin mota da na jinya, gara a kira mai kwantar da yana da yake zuwa ran kasuwa, tunda shi ko akuya aka ba shi yana karɓa. Ni ɗinki nake yi, ƙarfina kaɗan ne. Ya zan yi?

Wata ma'aikaciyar jinya:
Wa'alaikumussalam ƙanwata. Don girman Allah kada ku bari mai kwantarwa ya taɓa idon Inna. Ba ya cire yanar, tura ta yake yi da tsinke zuwa cikin ido. A kwanakin farko mutum zai ga haske ya yi murna, daga baya kumburi ko hawan jinin ido ya biyo, kuma makantar da wannan ke jawowa ba ta warkewa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yana ce ke haddasa kashi 43 cikin 100 na makanta tsakanin masu shekara 40 zuwa sama a Nijeriya, alhali tana da magani. A asibiti aikin bai cika wuce rabin awa ba. Idon kaɗai ake sa wa maganin kashe zafi, Inna tana farke, a cire yanar a saka mata gilashin roba a gurbinta, washegari a buɗe bandeji. Kuma maganar da wasu ke yi cewa a jira sai yanar ta "nuna" kafin a yi aiki tsohon zance ne.

Wani daga Jigawa:
Haka muka sha da Baba. Duk bayanin da muka yi masa bai shiga ba, sai da wani sa'ansa da aka yi wa aikin ya zo ya zura zare a allura a gabansa. Ki nemo mata tsohuwa irinta da aka yi wa. Batun kuɗi kuma yayanki bai yi ƙarya ba. Mu abin da ya fi cin mu shi ne mota ta mutum biyu, abinci, wurin kwana, maganin ɗigawa, da komawa a duba. Ku lissafa duka, ku raba tsakaninku da zarar an yi kaka.

Wata daga Kaduna:
Ki tambayi farashi a asibitin ido na ECWA da na Makkah a Kano, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a nan Kaduna. Ki kuma sa kunne a rediyo, ana sanar da aikin ido kyauta lokaci-lokaci. Kafin nan a auna mata jini da suga, domin idan sun hau za a ɗage aikin, kuɗin mota ya tafi a banza.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri. Akwai wata gwaggonmu da aka yi wa bara, ban taɓa tunanin haɗa su ba. Ran Juma'a zan kai ta wajen Inna, yayana ma ya zauna ya ji da kunnensa.