Don Allah wace kalma za mu sa wa "deterrence"? Shirina gobe ne

Hajara: Salamu alaikum malamai. Gobe ƙarfe 10 zan naɗi shirin lafiya kan kuɗin da ake narkarwa a makaman nukiliya. Ƙungiyar ICAN mai fafutukar kawar da makaman nukiliya ta ƙiyasta ƙasashe 9 masu makaman sun kashe dala biliyan 91 a 2023, alhali kasafin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 da 2025 a haɗe bai kai biliyan 7 ba. Na sa kalmar "kwance ɗamara" a inda ake maganar ajiye makaman. Wadda ta tsaya mini a wuya ita ce "deterrence", hujjarsu ta cewa riƙe makamin ne ke hana a kawo musu hari. Ina so uwar da ta kwana a asibiti ana duba ɗanta da fitilar waya ta gane abin da ake cinye kuɗin a kansa.

Malam Sani: Razanarwa.

Bilkisu: Razanarwa ɗan lokaci ce, Malam, an firgita an wuce. Wannan zaman shekaru ne. Ni "tsoron juna" zan ce.

Baba Ɗanjuma: Kwarjinin makami! Na daɗe ina faɗa. Mai kwarjini ba sai ya ɗaga hannu ba, ganinsa kawai ya isa a ja da baya. Kuma ƴata, daina cewa nukiliya, muna da ƙare dangi.

Bilkisu: Baba, ƙare dangi ya haɗa har da makamai masu guba. Kwarjini kuma yabo ne, na sarki da malami. Ba za mu naɗa wa abin da ya ƙone Hiroshima a 1945 rawani ba.

Baba Ɗanjuma: Ku ƴan boko kullum sai kun raina abin gida. Asibitin ma da kuke faɗa daga bakin Bature ya zo.

Malam Sani: To ai kai ka kawo hujjar aro, Baba.

Issoufou: Daga Maraɗi nake. Mu da Faransanci muka san kalmar, amma a bakin mutane "kar ta san kar" ta fi shiga. Kuma a riƙa tuna Hausa ba a Kano ta tsaya ba. Yuraniyom, ma'adinin da ake haɗa makaman da shi, a Arlit ta ƙasarmu Nijar ake haƙo shi, maganar ta shafe mu.

Baba Ɗanjuma: Wa ya ambaci Kano? Ni Bakatsine ne. Ina yaro Najeriya ta katse hulɗa da Faransa a 1961 saboda gwajin bam ɗin nukiliya da Faransa ta yi a hamadar Aljeriya. Ba yau na fara jin wannan zance ba.

Hajara: Allah ya huci zuciyarka Baba, lokaci nake gudu. "Kar ta san kar" ta yi tsakanin Amurka da Rasha, ko Indiya da Pakistan, amma ba ta zama suna a jimla. Zan ce "manufar hana hari ta hanyar tsoratarwa" a farko, sannan in ci gaba da "tsoron juna". Daga nan in shiga alƙawarin Abuja na 2001 da ƙasashen Afirka suka ɗauka, na ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi.

Issoufou: Ta yi tsawo, amma za a gane.

Baba Ɗanjuma: Ban gamsu ba. Ki dai ambaci kwarjini ko sau ɗaya ne, masu sauraro su zaɓa.

Hajara: Zan sa a bakin mai kare manufar, Baba, tunda su haka suke kallonsa.