Na saya mata waya, babanta ya ƙwace ya ce bai san da zamana ba

Ɗan Gaya ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, wanda ba shi da ta faɗa don Allah ya wuce kawai.

Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Gaya. Da damina ina gida ina noman gero da gyaɗa, in an gama kaka sai in tafi ci-rani. Da can acaɓa nake yi a Legas, amma tun da aka hana a manyan unguwanni a 2022 na koma Abuja ina leburanci a wajen gini.

Akwai yarinyar da nake so a garinmu. Bara kafin in tafi na shiga Kano na saya mata 'yar Android ta hannu a Farm Centre. Kullum bayan isha'i muna tare a WhatsApp, yawanci saƙon murya, don rubutu yana ba ta wahala. Ni ke sa mata data, ni ke biyan mai shagon sola kuɗin caji, da Sallah ma na tura kuɗin atamfa da ɗinki ta wajen mai POS.

Ina dawowa na tarar babanta ya ƙwace wayar. Ya ce shi bai san wani mai neman 'yarsa ba sai wani mai tireda da ke zuwa zance ƙofar gida. Ita kuma ta aiko ƙanenta ya gaya min ni take so. Matsalar ban haɗa lefe ba. Abin da na mallaka sa ɗaya ne da nake kiwo, niyyata in kai shi kasuwar Wudil in ya ƙara ƙiba. In tura manya haka, ko in jira? In kuma aka ba wancan, ina da ikon neman kuɗina?

Maman Ummi:

Ƙanena, zan faɗa maka gaskiya ko da za ta yi ɗaci: tsohon nan bai yi laifi ba. Ka sa kanka a matsayinsa. 'Yarsa tana ƙunshe a ɗaki tana dariya da waya har tsakar dare, bai san wanda ya saya ba, bai san wa ke magana ba. A ƙauye saurayi shi ne wanda aka gani a tabarma, yaro ya shiga ya ce ana sallama da wance, maƙwabta suka san ɗan gidan wane ne. Mai tireda ya bi ta ƙofa, kai ka bi ta iska. Duk abin da ka kashe, idon uban bai gani ba.

Kuma ku samarin ci-rani kuna da wannan hali. Kuna ganin in kun riƙe yarinya a waya kun gama, alhali ita ce ke shan gori a gida, sa'anninta duk an sa musu rana, ana tambayarta ina wanda take jira. Ba ta da amsa sai "yana Abuja".

Wa ya ce maka sai da lefe ake gaisuwa? Ka samu baffanka ko kawunka, su ɗauki goro da alewa da ɗan abin da ya sawwaƙa, su je su ce ɗansu ya gani yana so, a ba shi zuwa kaka. Maganar neman kuɗinka kuma kada ma ka bari wani ya ji. Toshi ba bashi ba ne.

Sarkin Tasha:

Hhhh, abokina ka tabbata kai kaɗai ke cikin wayar? Mu da ke zama kusa da shagon caji muna ganin abubuwa. Sai ka ga waya ɗaya samari uku ke sa mata kati, kowa yana can yana tura baro yana cewa tasa ce. Ban ce taka haka take ba fa.

Amma ni tausayinka nake ji. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, akwatin lefe ya zama abin tsoro. In ka sayar da san nan ka zuba a atamfa da takalma, me za ku ci bayan biki? In ta gagara ka jira auren gata, ai an aurar da ma'aurata 1,800 a Kano a 2023.

Malam Na-Tsangaya:

Yaro, kafin komai ka bincika abu ɗaya: an riga an amsa wa mai tiredan ko kuwa zuwa kawai yake yi? Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya nemi aure a kan neman ɗan'uwansa. Malamanmu na Malikiyya sun ce hanin yana hawa ne idan an karkata gare shi an yi na'am da shi. In bai kai nan ba, ƙofa a buɗe take, ka hanzarta. In ya kai, ka haƙura, kuma ka daina aika saƙo ta hannun yara.

Lefe al'ada ce, ba sharaɗin aure ba. Sadaki ne wajibi, mafi ƙarancinsa rubu'in dinari. Su ma iyaye su ji tsoron Allah, an umarce su da neman izinin budurwa. Ita ma ta gaya wa gwaggonta ko kakarta abin da ke ranta, waɗannan su ke iya tanƙwara uba.

Anti Nas:

Ni a ƙaramin asibiti nake aiki, ga nawa. Tun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure a Kano: ƙanjamau, ciwon hanta da kuma gwajin sikila. Ka fara yin naka yanzu. In kai AS ne, wato mai ɗauke da ƙwayar gadon sikila, ita ma AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ɗan ya zo da sikila. Abin da ke ɓata min rai, sai an sa rana an kai kaya sannan a zo mana, sakamako ya fito a zauna ana kuka, wasu ma su roƙe mu a canza takarda.

Ɗan Gaya:

Na gode ƙwarai. Allah ya gafarta Malam, na sa innata ta bincika, ba a amsa masa ba tukuna, an dai ce ya ci gaba da zuwa. Na samu baffana, ya yi min faɗa sosai, amma ya ce ranar Juma'a bayan masallaci za su je shi da mai unguwa. Anti, gobe zan shiga Gaya a ɗibi jinina. Sai dai ita ban san yadda za a yi ta fita gwaji ba alhali ba a san da ni ba.

Sarkin Tasha, san yana nan ban sayar ba. Wayar kuma har yanzu tana aljihun babanta, jiya na kira don in gwada, shi ya ɗauka.