Littafin yarinyar nan na soyayya da aljani, ni kaɗai ce ƙarshen bai gamsar ba?

Maman Biyu:
Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka karanta littafin sabuwar marubuciyar nan da ake ta yawo da shi a guruf guruf na WhatsApp, wanda aljani ya kamu da son 'yar mai koko, ku zo mu tattauna. An ce shi ne na farkonta. Ni dai farkon ya tafi da ni wallahi, yadda ta zana garin nan ɗan ƙarami da kasuwarsa ba ta ci sai Laraba, rijiyar gindin tsamiya da ba a ɗiban ruwa in magariba ta yi, gidan kitson da duk gulmar gari nan ake dafa ta, har kakar yarinyar da kullum tana tsakar gida tana kaɗi tana faɗa a rufe tulu. Amma tun da ya ɗauke ta zuwa duniyarsu sai na ji labarin ya saki. Ni ce ban gane ba ko haka kuka ji?

Anti Mai Ɗinki:
Ba ke kaɗai ba ce 'yar uwa. Matsalar aljanin ne da kansa. Da farko da yake zuwa a siffar baƙo mai sayar da turare, ba ya cin abincin kowa, karnukan maharba na ta haushi in ya gifta, yara na tsere masa ba su san dalili ba, ai har tsigar jikina sai da ta tashi. To daga baya kuma sai ya koma irin samarin da muka saba gani a kowane littafi, fari dogo mai saje, miskili ba ya dariya, ɗan sarki ne a can, gida na zinari, kuyangi ko ta ina. Cire sunan aljani ki sa masa ɗan gwamna, babu abin da zai canja a labarin. Kuma ita yarinyar da muka sani da tsiwa tana rigima da masu cin bashin koko, tana shiga hannunsa ta zama sai kuka da sunkuyar da kai feji bayan feji, haba.

Ɗan Tasha:
Ku yi haƙuri na shigo zancen mata, a wayar madam na karanta. Ni abin da ya burge ni ba ta yi wa mutanen garin kuɗin goro ba. Uban yana son a kira malami a yi ruƙiyya, gwaggonta ta zagaya ta bayan gida wajen 'yan bori, ɗan uwanta mai aikin asibiti yana cewa a kai ta a duba ƙwaƙwalwa, kowa da gaskiyarsa a bakinsa, kuma haka ake yi in abu irin wannan ya faɗo gida. Inda ta gaza shi ne maganar auren. Malamai sun yi saɓani a kan aure tsakanin mutum da aljani tun da daɗewa, an ruwaito Imamu Malik ya ƙi abin don kada mace ta yi ciki ta ce ai mijinta aljani ne. Wannan kaɗai rigima ce da za ta cika babi biyar a ƙaramin gari da kowa ya san kowa, amma liman a littafin layi biyu ya yi aka shafa fatiha.

'Yar Alƙalami:
Ni ma ina ɗan taɓa rubutu, don haka bari na kare ta kaɗan. Wanda bai taɓa sakin littafi feji feji ba bai san azabar ba, kin yi taifin da waya har yatsa ya yi tsami, kin tura da dare, kafin asuba ana ta Anti ci gaba, Anti kar ki raba su, in kin kashe shi mun bar guruf. Na tabbata tun asali ƙarshen rabuwa ta shirya, don tun babin farko kakar ke maimaita cewa jinsi ba ya haɗuwa da wanda ba nasa ba, masu karatu ne suka murɗe mata hannu. Abin da ba zan kare ba shi ne ƙa'idar rubutu, tana haɗe kalmomi inda ya kamata a raba, babu aya babu waƙafi, wani wurin sai kin koma baya kafin ki gane wa ke magana. Ta samu wanda zai duba mata kafin na biyu.

Maman Biyu:
Anti Mai Ɗinki kin faɗi abin da ke raina, ɗan gwamna kam! Ni da za ta ji shawara ta bar mu a garin nan kawai, ko aljani babu zan karanta labarin kakar da gwaggo. Wai gaskiya ne ta fara na biyu, kuma na kuɗi ne? Mai lambar guruf ɗin ta taimaka ta sa ni.